Malama In-Ji-Wa

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da tarihi a makarantar sakandare guda, amma a cikin ɗaliban da suka bi ta hannunta da wuya a sami goma da za su iya faɗin sunanta na gaskiya. Kowa Malama In-Ji-Wa yake ce mata. Yara ne suka laƙaba mata, malamai suka ɗauka, har masinjan ofis in ya kawo takarda sai ya leƙo ya ce, "Ina In-Ji-Wa?" Dalili kuwa, ba ka isa ka kawo mata magana ta karɓa haka nan ba. In ka ce wane ya ci garin wane da yaƙi, sai ta karkatar da kai, ta dube ka ta saman tabarau, ta ce, "In ji wa?" In ka ce littafi, ta ce shi mai littafin a ina ya ji. In ka ce kakarka, ta ce kakar taka tana wurin, ko ita ma labari aka ba ta. Ba da faɗa take yi ba. Da gaske son sani take yi, kuma abin da mutane da yawa ba su taɓa ganewa ba ke nan.

Doguwa ce siririya, mai tafiya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Teburinta yana can ƙuryar ɗakin malamai, bayan kabad ɗin taswirori, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ita ta zaɓi wurin tun farko saboda hasken taga. Daga baya ya zama ko ta so ta matso cikin mutane, babu inda za ta sa teburin.

Halin nan a wurin mahaifinta ta gaje shi. Tafinta ne a kotu. In ya dawo da yamma ya cire takalmi, sai ya zaunar da ita da yayanta ya ba su shari'ar ranar: ga abin da mai ƙara ya ce, ga abin da wanda ake ƙara ya ce, to wa ke da gaskiya? Yayan kan zaɓi ɗaya da sauri ya fice wasan ƙwallo. Ita sai ta zauna tana jujjuya maganar har abinci ya huce.

"Baba, to wane ne ya yi ƙarya?"

"Wataƙila babu, uwata. Ɗaya a bakin ƙofa yake tsaye, ɗaya a bayan mota. Je ki ci abincinki."

Duk da haka, da ta fara koyarwa ba da wannan ta fara ba. Yadda aka koya mata haka ta koyar. Tana da wani kakkauran littafin rubutu mai baƙin bango, ta tsaya gaban allo ta buɗe shi ta ce, "Ku rubuta." Ta karanta, su rubuta, ta ce aya, su sa aya. Shekaru, sunaye, dalilai biyar na tashin wannan daula, dalilai biyar na faɗuwarta. 'Yan bayan aji su yi ta gyangyaɗi biro na tafiya shi kaɗai. Wata shekara idonta ya zame ta karanta musu wata shekarar yaƙi ba daidai ba, kuma a jarrabawa duk ajin suka mayar mata da kuskurenta cif, babu ko ɗaya da ya yi shakka. Abin ya dame ta, amma ba ta san wata hanya ba. Shekara shida tana haka.

Wata Laraba bayan hutun tara aka kira ta ofis tana tsakiyar darasi. Ko minti biyar ba ta yi ba. Da ta dawo, gilashin tagar baya ya fashe, aji ya yi tsit, kowa ya zama salihi. Ta tambaya, shiru. Sai ta ce kowa ya yagi takarda ya rubuta abin da ya gani, kada ya sa suna. Niyyarta kawai ta kama mai laifi.

Da la'asar ta baje takardun a kan teburin cin abinci, guda talatin da takwas. Wasu sun ce ƙwallo ce ta shigo daga waje. Wasu sun ce iska ce ta bugo tagar. Tara sun ce yara biyu ne suke kokawa a kan dasta, amma ba su haɗu a kan waɗanne yara ba. Wata ta rubuta cewa ita barci take yi, ba ta ga komai ba, amma ƙara biyu ta ji, ba ɗaya ba. Wani kuma ya ce ai gilashin tun zangon da ya wuce a tsage yake.

Mijinta ma'aikacin awon filaye ne, kowa Safiyo yake kiransa, mutum mai ƙiba da yawan dariya. Ya tsaya a kanta yana karantawa yana ƙyaƙyatawa.

"Gilashi ɗaya, minti biyar, shaidu talatin da takwas," in ji shi. "To ku da kuke ba da labarin shekara ɗari biyar kamar a gabanku aka yi fa?"

Ita ba ta yi dariya ba. Washegari ta bar littafin mai baƙin bango a gida. Ta raba allo gida huɗu, ta rubuta labaran huɗu, ta ce musu yau ba mai shan horo, aikinsu su gano wanne ya fi kama hankali. Da farko suka yi ta kallon juna. Can wata yarinya ta ce masu cewa ƙwallo duk 'yan layin gaba ne, yaya aka yi suka ga abin da ke bayansu? Aji ya kaure da musu. Wani ya ce a je a duba inda ɓaraguzan suka zuba. Suka ɗungumo waje, sai ga gilashin warwatse cikin ciyawa a bayan aji, cikin aji kuwa babu ko ƙwaya. Daga ciki aka fasa shi ke nan. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Har yau ba a san wanda ya fasa gilashin ba, ita ma ba ta ƙara nema ba.

Daga ranar koyarwarta ta sauya. Ta sami wani kwali ta fara tara tarkace: tsofaffin wasiƙu, hotunan da suka koɗe, guntayen jaridu, katin shaidar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, dutsen guga na gawayi. Takan raba aji biyar-biyar, ta ajiye wa kowace ƙungiya abu ɗaya, ta ce su gaya mata wa ya yi shi, yaushe, don wa, kuma me ya ƙi faɗa. In za a yi darasin wani yaƙi, sai ta kawo abin da masu nasara suka rubuta da abin da waɗanda aka ci suka tuna, ta bar yaran su kai ruwa rana. Takan tura su gida su tambayi wanda ya fi kowa tsufa labarin shekarar da ruwa ya cinye gada, su kawo a gwama. Malamin lissafi da ke aji na kusa ya sha buga bango da dasta, yana cewa wannan darasi ne ko kasuwa.

Waɗannan su ne shekarunta masu daɗi. Tana dawowa gida da labari a baki, Safiyo yana jira. Shi kaɗai ne tambayarta ba ta taɓa ɓata wa rai ba. In ya ce gobe za a yi ruwa ta ce in ji wa, sai ya bugi ƙirji ya ce, "In ji ni, mijinki, kuma ba a ɗaukaka ƙara." Ɗansu ɗaya ne tilo, yana shekara goma sha huɗu uban ya kwanta ciwo. Kwana tara ya yi, ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, ta koma aiki, ta ci gaba da dawowa gida da labari a baki, sai dai takan tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu ta haɗiye labarin. Yaron mai shiru ne, hankalinsa na kan injuna. Ya gama karatu, ya sami aiki a wani gari mai nisa, ya yi aure can. Yakan kira ranar Lahadi, ya tambayi gwiwarta, ta tambayi yara, su yi sallama.

A ɗakin malamai kuwa abin a hankali ya faru. Wata rana ana hirar wata sabuwar malama, wai an gan ta a motar wani. Daga bayan kabad sai aka ji muryarta: "Wa ya gan ta?" Mai ba da labarin ta ce haka dai ake faɗa. "Su wa?" Hira ta mutu nan take. Tun daga lokacin, in ta shigo sai magana ta koma kan zafin rana. Ba sa ƙin ta. Suna gaishe ta da girmamawa, in takarda mai wuya ta zo daga ma'aikata ita ake kai wa ta duba. Amma in za a je barka ko dubiya, sai sun dawo take ji.

Har yayanta ma sai da ta ɓata da shi, kuma wannan laifinta ne, ta sani. Yana da labarin da yake ji da shi, na yadda kakansu ya tsallake kogi da iyo ya ceto mutum uku. Wata rana yana ba jikokinsa labarin, sun yi zuru suna saurare, sai ta ce, "Yaya, ai a wasiƙar da Baba ya bari, kwalekwale ya ce, kuma mutum ɗaya ne." Yayan ya juyo kanta.

"Ke komai sai kin tona? Yara na nake yi wa hira, ba kotu muke ba."

Ta ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Amma bai ƙara ba da labari a gabanta ba, kiran wayarsa ma ya ja baya.

Sakamakon jarrabawar ɗalibanta bai taɓa zama abin a zo a gani ba. Suna ci, amma ba sa zarra, don in an tambaye su dalilai biyar sai su kama cewa wasu sun ce kaza, wasu kuma sun musanta. Shugaban makarantar na lokacin, na uku da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, mutum ne mai son zaman lafiya da tsabtar farfajiya. Ya kira ta ya ce, "Malama, ni ban ƙi hanyarki ba. Amma mai duba takardar jarrabawa ba shi da lokacin in ji wa." Ta yarda ta riƙa ware zangon ƙarshe tana ba su abin haddacewa, tana yi kamar mai shan magani mai ɗaci. Daga baya aka mayar da tarihi darasin ganin dama. Yara suka gudu zuwa kimiyya da kasuwanci. A shekararta ta ashirin da takwas, ɗalibai goma sha ɗaya suka rage mata a babban aji, aka ba su wani tsohon sito mai taga ɗaya suna darasi a ciki.

A shekarar ce makarantar ta cika hamsin, shugaba ya ɗora mata rubuta ɗan littafin tarihinta. Labarin kowa ya san shi: wani attajiri ne, wanda hotonsa ke rataye a babban zauren taro, ya ba da fili ya gina azuzuwa huɗu na farko. Shugaba ya ce shafi ashirin ya isa, da hotuna.

Ita kuwa sai ta ga darasi ya faɗo mata daga sama. Ta kai wa 'yan sha ɗayanta aikin. Suka yi sati biyu suna zaƙulo tsofaffin fayiloli, suna atishawa, har suka ci karo da rajistar farko, gara ta ci gefenta. Wata yarinya mai baki da ake kira Lauya ita ta fara lura.

"Malama, wannan rajistar ta girmi makarantar. Shekara biyu ta riga abin da aka rubuta a jikin bango."

Sunaye goma sha tara ne a shafin farko, da wani rubutu mai zagaye, mai kyau. A inda ake rubuta wurin karatu an sa: bayan shagon ɗinki. Suka bi tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har wani maigadi da ya daɗe da ritaya ya ce ai ya san zancen. Wata budurwa ce tela ta tara yaran da suka gama firamare suka rasa gurbi, tana koya musu a bayan shagonta. Kuma tana nan da ranta, a wani ɗaki a bayan gidan ɗan ƙaninta.

Ranar Alhamis Malama ta je da ɗalibai uku. Aka bi da su ta wani siririn lungu tsakanin katanga da tankin ruwa. Ɗakin ƙarami ne: gado, kujera ɗaya, keken ɗinki an lulluɓe shi da zane, rediyo a kan taga. Tsohuwar ta haura tamanin, idanunta sun yi fari, sai dai kunne garau.

"Inna, daga makaranta muke," in ji Malama, bayan an gaisa.

"Wace makarantar?"

Da aka faɗa mata sai ta shafa gwiwa. "Shekara hamsin," ta ce, "yau ne aka fara zuwa daga can."

Ba ta zagi kowa ba. Ta ce attajirin mutumin kirki ne, shi ya zo ya ga yara a tsugune tsakanin ƙyallaye ya ce wannan bai dace ba, ya yi gini. Da aka buɗe ginin sai aka turo malamai masu takardar shaida. Ita ba ta da ita. Aka yi mata godiya, ta koma kan kekenta. Kayan makarantar ma ita ta ɗinka wa 'yan shekarar farko.

Lauya ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, an koya mana mu tambaya. Mece ce shaidarki?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Sai ta fara kiran sunaye, ɗaya bayan ɗaya, yadda suke zama daga bakin ƙofa zuwa bango. Malama na riƙe da rajistar a cinya tana bi da yatsa. Goma sha tara, babu kuskure. Sannan tsohuwar ta ƙara ɗaya.

"Wannan ba ta cikin rajista, Inna."

"Ba za ki gan ta ba, 'yar nan. Babanta bai san tana zuwa ba, ya ɗauka ɗinki take koyo. Na ce in na rubuta ta, wata rana wani zai gani. Ta fi su duka ƙoƙari."

Washegari Malama ta tsaya gaban 'yan sha ɗayan ta ce musu shekara da shekaru tana koya musu takarda ta fi baki ƙarfi, jiya ta ga inda takarda ta yi shiru da gangan. Suka rubuta babin tare, shafi shida, attajirin da ginin nasa suna ciki, tela da shagonta suna ciki.

Shugaba ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

"Aiki ya yi kyau, Malama. Amma kin san jikokin mutumin nan su ne manyan baƙinmu. An riga an buga hamsin a jikin komai. Yanzu in ce musu hamsin da biyu ne, kuma ba kakansu ya fara ba?"

"Ranka ya daɗe, ba a rage masa komai ba. Ƙara mutum ɗaya kawai aka yi."

"Ba yanzu ba. Wata rana."

Ta roƙi aƙalla a gayyaci tsohuwar, a ba ta kujera a gaba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, zai sa a kai kati. A nan ta yi kuskuren da ya daɗe yana cin ta: ta je ta gaya wa tsohuwar za a aiko a ɗauke ta.

Littafin ya fito ana gobe taro. Shafi shidan sun koma layi ɗaya, wai kafin ginin an ɗan taɓa yin wasu darussa a cikin gari. Ta nemi jerin baƙi a wurin sakatare, ta bi shi sau biyu, babu tela. Mantuwa ce ko niyya, ba ta taɓa sani ba.

Ranar taron ba ta je makaranta ba. Da hantsi ta bi lungun nan, ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, ta yi wanka, ta sa wata riga mai aiki a wuya wadda ninkin akwati bai sake ta ba, takalmi a ƙafa, jaka a cinya.

"Kin zo da motar?"

Malama ta durƙusa a gabanta. Tana iya cewa mota ce ta lalace, ko an ɗage taron. Ba ta iya ba. Ta faɗa mata yadda aka yi, tun daga ofishin shugaba har layi ɗayan. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta sunkuya a hankali ta zare takalman, ta tura su ƙarƙashin gado.

"To, ai shi ke nan. Ɗora mana ruwan shayi, butar na bayan ƙofa. Kin zo da abin da kuka rubuta ɗin?"

Ta zo da shi. Ta karanta mata shafi shidan, daga nesa ana jiyo lasifikar makaranta iska na kawowa tana ɗaukewa. Tsohuwar ta gyara mata abu biyu: shagon ba nata ba ne, na yayarta ne, kuma ba allo suke da shi ba, bayan wata tsohuwar ƙofa ce aka shafa wa baƙin fenti.

Ranar Litinin Lauya ta tare Malama da ido jawur. "To Malama, mene ne amfanin duk wahalar da muka sha?" Malama ta ce su gyara wurare biyun, kowa ya kwafi babin da hannunsa ya kai gida ya ajiye, a sa ɗaya cikin rajistar. Suka yi, wasu suna gunaguni.

Daga nan kowace Alhamis in an tashi, can take zuwa. Ta kai mata lemo ko batirin rediyo, ta zauna a kujera ɗayan. Wani lokaci su yi hirar yara, na da da na yanzu, tsohuwar tana ba ta dabarun da ta yi amfani da su ba tare da ta san suna da suna a littattafai ba: yadda takan sa yaro ya zama mai sayarwa wani mai saye don su gane lissafi, yadda takan yanke labari a tsakiya ta ce su ƙarasa. Wani lokaci kuma su yi shiru kawai, rediyo na magana. A duk mako, wannan ce ranar da Malama take magana da wani babba fiye da gaisuwa. Shekara biyu da 'yan watanni suna haka.

Wata Alhamis ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin, babban gidan ma a rufe. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce an yi wa mai gidan canjin wurin aiki, tun Litinin suka kwashe, har da tsohuwar. Wane gari? Ta ambaci wani, sannan ta ce ko kuma wani, ba ta tabbata ba. Lambar waya fa? Ba ta da ita. Malama ta tsaya a lungun da ledar lemo a hannu, ta leƙa ta taga. Sun tafi da gado da rediyo, sun bar kujerar. Ta yi ta cigiya wata da watanni ba ta dace ba. Ba ta ƙara jin labarinta ba, ko na rai ko na mutuwa.

A ƙarshen shekarar ta yi ritaya. Aka yi mata ɗan taro a ɗakin malamai, aka ba ta fulas da agogon bango. Malamin lissafi, wanda shi ma furfura ta cinye shi, ya tashi ya ce shekara ashirin da biyar ajinta na hana shi sakat, amma ranar da ya ji shiru ta bangon sai ya kasa koyarwa. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ba a kawo wani malamin tarihi a madadinta ba sai bayan shekara biyu.

Ɗanta ya matsa ta koma wurinsu. Ta je. Surukarta ba ta rage ta da komai ba, an ba ta ɗaki mai labule sabo. Amma da safe kowa ya fice, ta wuni ita da talabijin a hawa na huɗu, jikokin in sun dawo su gaishe ta su shige ɗaki da wayoyinsu. Wata uku ta yi ta ce gida take so.

"Mama, wa kike da shi a can?"

"Ba kowa," ta ce. "Amma na san hanyoyin."

Da ta dawo, kwalejin horar da malamai ta neme ta ta riƙa duba ɗalibansu masu koyarwar gwaji. Aikin ya dace da ita: ta shiga bas, ta sauka a wata makaranta, ta zauna a bencin baya da fom a hannu, ba mai kula ta. A nan ta haɗu da wata 'yar gwaji, ƙarama mai rawar murya, wadda ta zo aji da hotuna bakwai da taswira biyu da wasan kwaikwayo, duk a darasi ɗaya na minti arba'in. Kafin a yi rabi aji ya rikice, yara na fizgar hotuna, wani ya hau tebur. Da aka tashi yarinyar ta zauna ta kifa kai tana kuka.

Malama ta jawo benci ta zauna kusa da ita.

"Share hawayenki, 'yata. Kayan ne suka yi yawa. Gobe ki zo da hoto biyu kawai, da tambaya ɗaya. Ki rubuta tambayar a allo kafin ki raba komai. Kuma in kin yi tambaya ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci. Kina amsa wa kanki tun ba su buɗe baki ba."

"Mama, na faɗi ko?"

"Da kin faɗi da na gaya miki."

Sati na gaba darasin ya tafi, ba lafiya lau ba, amma ya tafi. Yarinyar ta karɓi lambarta, ta ce za ta riƙa kira tana neman shawara. Ta kira sau biyu. Daga nan aka tura ta aiki wani wuri, kiran ya tsaya, Malama kuwa ba ta ga laifinta ba.

Tana nan har yanzu a gidanta na sama, gwiwa ta ƙara tsanani, sai ta huta a tsakiyar matakala kafin ta ƙarasa. Talata da Laraba take fita duba 'yan gwaji. Sauran ranaku takan zauna a baranda da la'asar, lokacin da 'yan makaranta ke wucewa a ƙasa garke-garke suna musu da ƙarfi a kan abin da ya faru a filin wasa. Takan miƙa wuya ta saurara har su sha kwana, sannan ta shiga ciki ta shirya fom ɗin Talata mai zuwa.